Tsofaffin Babura: Wanne Ya Fi Ƙarko a Hanyoyin Paraku da Jugu?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a garejin makanikai da inuwar masu shayi a Paraku da Jugu, watau gardamar wane babur ne ya fi kowane ƙarko cikin tsofaffin da aka hau a ƙasar nan. Da zarar an tayar da ita sai ka ga majalisa ta rabu. Dattawa su riƙe mobilet, 'yan zemijan na farko su riƙe Yamaha Mate, waɗanda suka yi zama a Nijeriya su riƙe Honda ko Jincheng, samari kuwa su ce duk wanda bai hau Bajaj ba bai san babur ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Mai karatu zai iya ɗaukar wannan hira ce ta kashe lokaci. To, ga wanda yake da albashi mai kauri haka ne. Amma ga yaron da ya shekara biyu yana zubin adashi, ko ya sayar da amfanin gonarsa na yazawa don ya sayi babur na hannu ya shiga haya, amsar wannan tambaya ita ce abincin gidansa. In ya dace, babur ya ciyar da shi, ya yi masa aure. In bai dace ba, abin da ya samu da safe gareji zai cinye da yamma, ga bashi a wuya. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattaro hujjojin kowane ɓangare, mu auna su da abin da aka sani game da injunan kansu, domin amfanin 'yan'uwanmu na zango.

Daga jaki zuwa moto

Abin da ya kawo kakanninmu wannan yanki hanya ce. A ƙarni na 19 ayarin fatake yakan taso daga Kano da sauran biranen ƙasar Hausa, ya ratso ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku, ya yada zango a Jugu, wadda mutanen da suke kira Zugu, sa'an nan ya miƙa Salaga ta ƙasar Gwanja don sayen goro. Doki na madugu ne da masu hali, amma jaki shi ya ɗauki fataucin, don ba ya zaɓen abinci, ba ya neman gata, kuma yana kai kaya inda aka nufa. Wannan ma'auni na fatake bai tsufa ba, da shi za mu auna babur, ko moto yadda muka fi faɗa a nan.

Hayar babur a Benin daga kudu ta faro, a yankin Porto-Novo, inda masu kekuna suke ɗaukar mata 'yan kasuwa da kayansu kafin babur ya maye gurbin keke. Sunan zemijan daga harshen Fon yake, ma'anarsa a ɗauke ni da sauri. Sana'ar ta bunƙasa ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe a mulkin Mathieu Kérékou, bankunan gwamnati suka karye, ma'aikata suka yi watanni babu albashi, aka kuma dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata. Masu takardun shaida da yawa suka sa riga suka hau babur. Daga Kwatano, inda rigar 'yan zem rawaya ce, abin ya hauro arewa har ya zama ba a zuwa kasuwar Arzeke ta Paraku ko babbar kasuwar Jugu sai da su. 'Yan'uwanmu na Nijar suna kiran sana'ar kabu-kabu, na arewacin Nijeriya kuwa acaɓa.

Sai kuma watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin talaka. Tun daga nan kasuwar na hannu ta ƙara ƙarfi, kuma tun daga nan gardamar tamu ta samo tushe, don wanda ba zai iya sayen sabo ba dole ya san tsohon da zai amince wa.

Mobilet, uwar tafiya

Dattawa ba su da abin yabo kamar mobilet. Kamfanin Motobécane na Faransa ya fara ƙera ta a 1949, Peugeot kuma ya fito da irin nasa, wanda mafi shahara a cikinsu shi ne 103 na shekarar 1971. Injinta bai kai cc 50 ba, babu giyar da ake sawa da ƙafa, kuma tana da feda irin ta keke. Hujjar masoyanta ba ta wuce uku ba. Ba ta shan mai, duk wanda ya iya gyaran keke zai iya koyon gyaranta, kuma in mai ya ƙare ko inji ya ƙi, sai ka taka feda ka isa gida. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da yawa da ita suka yi aikinsu a ƙauyuka shekara da shekaru.

Duk wannan gaskiya ne, sai dai mobilet ta mutum ɗaya ce da jakarsa. A ɗora mata fasinja da buhun masara a nufi tudu, nan take za ta nuna iyakarta. Kamfanin Motobécane kansa ya karye a 1981, ya koma MBK, daga baya ya shiga hannun Yamaha, kayan gyaranta na asali kuma sai ƙara wuya suke yi. Wanda yake da ita ya riƙe abarsa don zuwa masallaci da kasuwa, amma ba mu ba kowa shawarar ya sa jarinsa a kanta don haya ba.

Yamaha Mate, jakin 'yan zem

In ana maganar babur ɗin da ya raini sana'ar zemijan, to Mate ne. Yamaha ya fito da shi a 1965 don ya kara da Super Cub na Honda, wanda ya riga shi fitowa tun 1958. Siffarsu kusan ɗaya ce. Babu tanki a tsakanin ƙafafu, saboda haka mai babbar riga da mace mai zane duk suna iya hawa ba tare da wahala ba. Akwai garkuwa da ke kare ƙafa daga taɓo, sarƙa kuma a rufe take cikin kwanonta, ƙura da yashi ba sa cin ta da wuri. Giya uku ce, babu kuloc na hannu, da ka rage wuta ka taka sai ta shiga. An yi shi mai cc 50, an yi mai 80 da mai 90, kuma manyan su ne 'yan haya suka fi so. Da yawansu na hannu ne aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Masu ra'ayin Mate suna cewa ƙarfen Japan na wancan zamani ba a sake yin irinsa ba, kuma suna da abin nunawa, don har yanzu ana cin karo da waɗanda suka haura shekara talatin suna tafiya. Sun ce injinsa makaniki zai kwance shi da safe ya ɗaure kafin azahar, kuma ko yaron gareji ya san cikinsa kamar tafin hannunsa. Masu suka kuwa abu biyu suke kawowa, hayaƙi da shan mai. Don a fahimci wannan suka, sai mun ɗan leƙa cikin inji.

Injunan babur iri biyu ne. Akwai mai bugu biyu, wanda wuta ke tashi a cikinsa duk lokacin da fiston ya hau sama, akwai kuma mai bugu huɗu, wanda sai fiston ya hau sau biyu wuta ke tashi sau ɗaya. Mai bugu biyu ba shi da bawul, ba shi da sarƙar cikin inji, kayan da ke motsi a cikinsa kaɗan ne, shi ya sa gyaransa ke da sauƙi kuma yake da zafin tashi. Amma ba shi da wurin ajiye baƙin mai a ƙasan inji, dole baƙin man ya bi fetur ya shiga ya ƙone tare da shi, wani ɓangare na fetur ɗin ma yana fita ta salansa bai ƙone ba. Daga nan hayaƙin yake, daga nan shan man yake. Mai bugu huɗu kuwa baƙin mansa yana zaune a ƙasa yana zagayawa, fetur kaɗai yake ƙonawa.

Mate ɗin da muka fi sani mai bugu biyu ne. Yamaha ya sa masa ƙaramin tanki na baƙin mai dabam da famfo da ke auna abin da inji ke bukata, tsarin da kamfanin ya kira Autolube. Matsalar ita ce da famfon ya tsufa, makanikai da yawa cire shi suke yi, a koma haɗa mai da ido a wurin mai sayar da fetur a kwalba. Tsoron kada inji ya ƙone yakan sa a zuba fiye da kima, sai fulogi, wanda muka fi kira buji, ya yi ta toshewa, salansa ta cika da baƙin dauɗa, ƙarfin babur ya ragu, na baya kuma ya sha hayaƙi. Duk wanda ya san Kwatano a shekarun 1990 bai manta shuɗin hayaƙin da ke rufe mahaɗar tituna ba. Rabin laifin da ake ɗora wa Mate na wannan haɗin ne. Sauran rabin kuwa nasa ne na haihuwa, kuma tun da kamfanin ya daina ƙera shi, fiston da ringin da ake samu yanzu yawanci kwaikwayo ne.

Honda CG 125, wanda aka ƙera don irinmu

Waɗanda suka yi zama a Legas ko Kano ko Ilori sukan ce a bar maganar ƙananan babura, a zo ga CG 125. A nan tarihi yana bayansu. A farkon shekarun 1970 Honda ya lura baburansa suna lalacewa da wuri a ƙasashe masu tasowa. Da ma'aikatansa suka zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sai suka tarar mutane suna hawa uku ko huɗu a babur ɗaya, ba sa canza baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, ba sa zuwa gareji sai inji ya tsaya. Maimakon su tsaya yi wa masu saye wa'azi, sai suka ƙera injin da zai jure wannan hali. Suka bar tsarin da sarƙa ke juya bawul daga saman inji, suka sa 'yan sanduna biyu masu tura bawul daga ƙasa, inda mai ya fi isa, suka kuma sa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Babur ɗin ya fito a 1975, a 1976 aka fara ƙera shi a Manaus ta ƙasar Brazil, har yau kuma ana ƙera shi a Pakistan. A 1979 Honda ya kafa kamfanin haɗa babura a Ota ta jihar Ogun a Nijeriya.

Babbar shaidar ƙarkon wannan inji ita ce yawan waɗanda suka kwaikwaye shi. Da yawa daga baburan ƙasar Sin masu cc 125 da 150 da suka cika titunanmu, in ka duba injinsu za ka ga tsarin CG ne aka ɗauka. Wannan ya zama alheri ga mai tsohon CG, don kayan da za su shiga injinsa ba sa yankewa a kasuwa, ko da ba su kai na asali kyau ba. Aibinsa kuwa, yana da karkarwa in an matsa masa gudu, kujerarsa ba ta kai ta baburan haya na yanzu tsawo ba, kuma samun na Japan tsantsa wanda ba a cakuɗa masa kaya ba ya zama sai an tona.

Jincheng da 'yan'uwansa, sa'an nan Bajaj

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 kasuwa ta juya. Baburan Sin suka shigo ta Legas da Kwatano da Lome a farashin da ya sa sabo ya yi gogayya da tsohon ɗan Japan. A arewacin Nijeriya Jincheng ne ya yi sarauta a hannun 'yan acaɓa, kuma shi ƙirar Suzuki AX100 ne, mai bugu biyu. A wajenmu sunaye irin su Sanili da Dayang da Haojue suka zama sanannu. Ra'ayi a kansu ya rabu ƙwarai. Wasu suna cewa na farko-farkon ƙarfensu taushi gare shi, kusoshi suna kwancewa, robobi suna farfashewa, shekara biyu ta ishe su. Wasu kuma suna cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, suna kafa hujja da Haojue, wanda kamfanin da ke yin sa abokin aikin Suzuki ne a ƙasar Sin. Abin da babu musu a kansa shi ne, su suka sa babur ya shiga gidan manomi da ɗan tireda, su kuma suka yaɗa inji mai bugu huɗu a ƙasar nan.

Bayansu sai na Indiya, musamman Bajaj Boxer, da TVS wanda ya fito da samfurin HLX a 2013. Boxer mai cc 100 ba shi da gudu, ba shi da ado, amma kujerarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗa, bayansa yana ɗaukar kaya, kuma shan mansa kaɗan ne. Yanzu na farkon da suka shigo sun tsufa su ma, sun shiga sahun da ake gardama a kansu. Masoyansa suna cewa shi ne magajin Mate na gaskiya, don duk ƙauyen da ka je tsakanin Paraku da Nikki, ko tsakanin Jugu da Basila, za ka sami wanda ya iya gyaransa. Masu suka suna cewa ba ya yafe sakaci da baƙin mai yadda CG ke yafewa, in ka bar shi ya ƙafe, kan inji ne zai fara biya.

Akwai kuma wani da ba a sa shi cikin gasar haya, amma duk wanda ya yi aikin daji yana cire masa hula, watau Yamaha AG 100. An fito da shi a 1973 don manoma masu manyan gonaki, yana da tsawo daga ƙasa, sarƙarsa a rufe, da wurin ɗaure kaya gaba da baya. Irinsa ne hukumomi da ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna saya wa malaman gona da masu allurar rigakafi a Afirka. A hanyar jar ƙasa cikin watan Agusta babu kamarsa. Sai dai tsadarsa da tsadar kayansa sun sa ba na mai neman na cefane ba ne.

Har a ƙasar ƙanƙara haka abin yake

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ke wannan musu. A arewacin Kanada, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, abin hawan mafarauta da mutanen Inuwit wani babur ne da ba shi da taya, gabansa takalman sulɓi, bayansa bel mai haƙora. Wani ɗan Kebek mai suna Joseph-Armand Bombardier ya fito da sanannen samfurinsa, Ski-Doo, a 1959. Yau akwai masu ƙarfi da gudu kamar mota, cike da na'urori, amma in aka tambayi masu shiga daji wane tsoho suka fi amincewa da shi, sunayen da ke yawan fitowa su ne Elan na Ski-Doo, wanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1996, da Bravo na Yamaha, daga 1982 zuwa 2011. Dukansu ƙanana ne, masu inji mai bugu biyu kamar Mate ɗinmu. Dalilinsu kuwa shi ne namu, ba su da nauyi, in sun kafe mutum ɗaya zai ciro su, in sun tsaya a inda babu kowa, mai shi zai iya gyarawa da sifana da fulogi na ajiya. Mai tsoron sanyi ya kashe shi a daji da mai tsoron dare ya yi masa tsakanin Beteru da Jugu, ashe hankalinsu ɗaya.

Abin da sunan da ke jikin tanki ba ya faɗa

Da muka jera hujjojin nan sai muka ga kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma dukansu suna ba suna nauyin da ya wuce nasa. Tsohon babur ƙarkonsa a wuri uku yake.

Na farko, kayan gyara. Babur ɗin da ya fi kowane inganci a duniya, in ringinsa sai an aika Kwatano ko Legas, to mako guda zai yi a jingine, mako guda kuwa babu aiki ga ɗan haya yunwa ce. Mun ga misalin wannan lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kayan da aka saba samu ta can suka yi wuya suka yi tsada. Kafin mutum ya tambayi ƙarfin inji, ya fara zagaya shagunan kayan babur na garinsu ya ga na wane iri ne suka cika kanta.

Na biyu, mai. Yawancinmu kpayo muke sha, watau fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga Nijeriya ana sayarwa a kwalabe a bakin titi. Shekara da shekaru arahar kpayo ita ta rufa wa inji mai bugu biyu asiri, don ba a damu da yawan abin da yake sha ba. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, farashin kwalba ya yi tsalle a duk faɗin Benin, lissafi ya canza. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mai yawo daga asuba zuwa isha, bambancin lita ɗaya a yini ya ishe shi ya raba riba da asara, kuma a wannan fage mai bugu huɗu ya yi wa Mate da Jincheng nisa. Ban da tsada, man kwalba yakan zo da ruwa ko dauɗa, saboda haka a riƙa tacewa da ƙyalle mai tsabta, a kuma riƙe mai sayarwa ɗaya da aka yarda da shi.

Na uku, hannun mai shi. Ƙurar hunturu in ta wuce matatar iska ta shiga inji, aikin takardar goge katako take yi wa fiston. Wanke soso a kan kari, canza baƙin mai kafin ya yi baƙi ƙirin, ɗaure sarƙa da shafa mata mai, su ne suka sa Mate ɗin wani ya shekara talatin na wani ya mutu a biyar. Haka nan lodi. Babur ɗin da aka yi don mutum biyu, in kullum yana ɗauke da buhu uku na waken suya ko jarkoki shida, ƙashin bayansa zai tsage ko sunan wa ke jikinsa.

Kafin ka miƙa kuɗinka

Ga mai niyyar sayen na hannu, ga abin da makanikai masu amana suka haɗu a kansa. Ka je da sassafe ka taɓa inji ka tabbata da sanyinsa, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. In mai bugu huɗu ne kuma ka ga shuɗin hayaƙi, ringi ya tafi. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza a yatsa, in ka ji ɓarɓashin ƙarfe, ko ka ga an zuba mai kauri fiye da kima don a kashe ƙara, ka yi sallama. Ka ɗaga kujera ka duba ƙarƙashin tanki ko akwai walda. Ka hau a miƙaƙƙiyar hanya ka sassauta hannu, in yana ja gefe guda ya taɓa faɗuwa mai tsanani. Sabon fenti kada ya ruɗe ka, araha ba ta ado, kuma ka tafi da makanikinka, ba na mai sayarwa ba.

Sa'an nan takardu. Lambar da ke jikin inji da ta gangar jiki su dace da abin da ke rubuce, a ga shaidar kwastan da ta rajista, a kuma rubuta takardar ciniki gaban shaidu. Mu mazauna kusa da iyaka, ta Nijeriya a gabas da ta Togo a yamma, mun fi kowa sanin cewa babur na sata ba ya wuyar tsallakowa, kuma wanda aka kama shi a hannunsa shi ne zai yi bayani. Baƙo ko ɗan zango in ya shiga irin wannan rigima, sunan al'umma duka ake kira.

Ga iyaye da masu hali da ke saya wa yara babur su riƙa kawo balas har su biya, muna roƙo a yi lissafi da adalci. In aka ɗora wa yaro tsohon inji da balas mai nauyi, abin da zai fara yankewa shi ne kuɗin baƙin mai, na biyu barci, na uku kuwa gudu zai ƙara. Ƙarshenta babur ya mutu kafin a gama biya, ko yaro ya kwanta a asibiti. A ajiye wani abu kowane mako don gyara tun ranar farko, a kuma rubuta wa zai ɗauki babban gyara in ya taso.

In aka matsa mana sai mun faɗi namu zaɓin, to ga shi. Don haya a cikin gari da ƙauyukan kewaye, mai bugu huɗu wanda kayansa suka cika kasuwar garinku, Boxer ne ko mai injin CG, shi ya fi kusa da jakin fatake a yau. Mate da mobilet sun yi zamaninsu kuma sun cancanci yabon da ake yi musu, da tsohuwar zuma ake magani, amma su na mai ƙaramar tafiya ne wanda ya san hannunsu. Tun 2022 an fara ganin babura masu aiki da batir a kudancin ƙasar, su kuma sai sun sha ƙurar hunturu da taɓon damina na wasu shekaru kafin su sami kujera a wannan majalisa.

Abu na ƙarshe, hular kwano. Tun watan Maris na 2024 'yan sanda suka tsananta dokar sa ta ga direba da fasinja. Ko babu doka, inji in ya fashe akwai na sayarwa a shago, kai kuwa ba a sayar da shi a ko'ina. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a abin da ake nema.